Maraƙin da Aka Bari a Mashigi

"Mayar da shi baya," in ji Baffa Barau.

Na danna rimot, mutanen cikin talabijin suka koma cikin kogi da baya, su da kayansu da dabbobinsu. Karo na huɗu ke nan. Zufa ta gama jiƙa mini riga, fankar ɗakin kuwa iska mai zafi kawai take kaɗowa.

"Baffa, yaƙin fa yana gaba. Nan ba komai sai masu gudun hijira."

"Yaƙinsu ya dame su. Tsayar a nan."

Na tsayar. Ya yunƙura daga kan filo, ya nuna can gefen hoton, inda ni ban taɓa kai idona ba. Wata jar saniya ce mai farin goshi tana fitowa daga ruwa, ta waiga baya.

"Da maraƙi ta shiga," ya ce. "Ga ta ta fito ita kaɗai. Duba wancan ƙetaren."

Na duba. Lallai akwai wani ɗan jan abu a tsaye a bakin ruwa, girmansa bai kai ƙwayar wake ba. Fim na awa uku, da sarkin da aka kora daga birninsa, da mayaƙa masu sulke, da dodanni masu fukafukai, amma tsohon nan maraƙi ya gani. Haushi ya kama ni, don tun hantsi nake fassara masa abin da sarki ke faɗa, ashe ko sauraro ba ya yi.

Katanga ɗaya ce ta raba gidanmu da na Baffa a unguwar Yalwawa. Makiyayi ne daga wajen Buji, da ƙafa ta gaza ya bar wa ƙanensa garken ya dawo Dutse da zama. Tun ina firamare nake shiga gidansa, mahaifina ya rasu da wuri, kuma Baffa ne ya karɓa mini aure. A bazarar nan aka sallamo shi daga asibiti da kumburarrun ƙafafu, likita ya ce a kai shi gida ya huta. Kowa ya san abin da wannan hutun yake nufi.

Matarsa, Dada Adama, ita ta kira ni ta kan katanga. Ta ce ya ƙi kwanciya ya ƙi zama, rediyo ma ya ce a kashe. Ta miƙo mini wani kwalin faifan bidiyo da ta ciro daga akwatin ɗansu Tasi'u. Fim ne mai kashi uku, wanda aka ciro daga wasu tsofaffin littattafan Turawa. Kwalin yana da gurbi uku, faifai biyu ne a ciki.

"Na ukun yana cikin jakarsa ran da ya tafi," in ji Dada. "Kai da kake koyar da Turanci, zo ka riƙa gaya masa me suke cewa."

Tasi'u sa'ana ne, kuma shi ne ɗan farin Baffa. Shekara goma sha ɗaya ke nan da suka yi faɗa a kan kiwo, Baffa ya ce ya bar masa gida, shi kuma ya ɗauki jaka. Sau ɗaya ya kira Dada daga Agadas, daga nan shiru. Dangi sun ce Baffa ya bi sahu, ya ƙi. A wajensu abin kunya ne uba ya nuna damuwa a kan ɗan fari, ko sunansa ba a faɗa. Ban taɓa jin sunan a bakin Baffa ba, sai dai "wancan".

Washegari muka sa kashi na biyu. Na jawo waya daga solar gidana ta kan katanga, don wutar unguwa ba abin dogaro ba ce. Wannan karon ban wahalar da kaina da fassara ba. Can wajen tsakiya, a sansanin masu hijira, Baffa ya ɗaga hannu.

"Ga ta can."

Ita ce kuwa, a bayan wani tanti, daƙiƙa uku ko huɗu.

"Dubi hantsarta. Ta cika har tana ɗiga. Ba a koma an ɗauko shi ba." Ya juyo gare ni. "Me suka ce a kan maraƙin?"

"Ba su ce komai ba, Baffa."

"Duk surutun nan?"

"Maganar sarauta suke yi."

Ya yi tsaki. Ya ce mutanen da ba su san saniya tana kuka ba, ina za su iya riƙe gari. Daga nan ya dube ni ya ce, "Abdulbaƙi, nemo mini na ukun. Ina so in ga ko wani ya koma."

Na so in gaya masa cewa masu fim ba su san da maraƙin nan ba, hayar shanu kawai suka yi don a cika hoto. Na buɗe baki, na ga yadda ya ƙura wa gurbin kwalin nan da ba faifai ido, na rufe.

Ban sha wahalar samu ba, abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Akwai wani Talha a kasuwa wanda da yake ba da hayar faifai, yanzu ya koma sayar da caja da rigar waya. Ya jawo wani kwali daga ƙarƙashin tebur, ya hure ƙura, ya miƙo mini.

"Malam, wa ke kallon faifai yanzu? Kawo wayarka in tura maka."

"Faifan nake so."

"To ɗauka, ka rage mini shara."

Ina isa gida na sa shi a kwamfuta, na riƙa tura shi gaba da sauri ina neman shanu. Dawakai, takubba, wuta, birni yana rushewa, an naɗa sarki, an yi biki. Ko kaho ɗaya ban gani ba. Na sake bi daga farko, haka dai. Na cire faifan na cusa shi a ƙarƙashin takardun jarrabawa.

Daga ranar na zama maƙaryaci. Kullum da la'asar in na shiga, kafin in gama sallama zai ce, "An samu?" In ce masa na zaga kasuwa babu. Gobe in ce an kwatanta mini wani a Taura. Jibi in ce na Tauran ya yi tafiya. Abin dariya, ran nan har na hau babur na kama hanyar Taurar da gaske, na yi nisa kafin na tambayi kaina me zan je nema. Na juyo ina zagin kaina. Aji ma na kasa tsayawa, in rubuta jimla a allo in manta ƙarshenta. Tsoro nake ji. Gani nake muddin yana jiran faifan nan zai ci gaba da numfashi, ran da ya ga ba a koma ba kuwa, ni ne na kawo masa labarin.

Shi ma bai zauna lafiya ba. A fitar da shi tsakar gida, ya ce a mayar da shi ɗaki. A mayar, ya ce ɗakin ya yi masa kaɗan. Ya daina cin tuwo, sai kindirmo cokali biyu. Ya sa a riƙa sa masa wajen mashigin nan kullum, har faifan ya fara sarƙewa a daidai wurin.

Ran kwana na tara Dada ta tare ni a zaure. Tana riƙe da ƙwaryar kindirmo da bai taɓa ba.

"Abdul, yaushe ka samo shi?"

Na kai hannu na sosa kunne.

"Ni na goya ka ran da uwarka ta yi zazzaɓi," ta ce. "In kana ƙarya kunnenka kake sosawa. Babu maraƙin a ciki, ko?"

"Babu, Dada. Ko saniyar ma babu."

Ta dubi ƙwaryar.

"Kawo masa. Shekara goma sha ɗaya yana jira bai san me yake jira ba. Kada ka ƙara masa."

Da safe na kawo. Ban ce komai game da Taura ba, shi ma bai tambaya ba. Ya karɓi faifan ya jujjuya shi, ya ce in sa. Dada ta shigo ta zauna a bakin ƙofa, abin da ba ta taɓa yi ba.

Na ce ko in tura gaba, ya ce a'a. Ya ce wanda ke neman dabba ba ya gudu.

Awa uku da rabi muka yi, sai tsayawar azahar, wadda ya yi a kwance. Ni na kasa zama wuri ɗaya. In leƙa waje in duba wayar solar, in dawo in gyara fanka, in sake fita. Duk lokacin da aka nuno fili ko ƙauye sai ya ɗago kai. Aka ci birni, aka naɗa sarki, aka yi ta rungume-rungume. Masu hijira suka kama hanyar komawa garinsu. Na sa yatsa a kan rimot ina shirin kashewa kafin rubutun ƙarshe ya fito.

"Tsaya."

Muryar ta yi ƙasa sosai, sai da Dada ta maimaita mini.

"Baya kaɗan."

Na mayar. Wata mata ce a gaba tana buɗe ƙofar gidanta da ya ƙone, ita na kalla duk sau biyun da na duba. A bayanta, ta gefen wani shinge, jar saniya mai farin goshi ta sunkuyar da kai tana lasar wani maraƙi. Ban san lokacin da na miƙe tsaye ba.

"Baffa, ga shi nan. An koma. Wallahi an koma an ɗauko shi."

Ya daɗe yana kallo. Ya ce in matso da talabijin ɗin, na jawo teburin har bakin gado.

"Ba shi ba ne," ya ce. "Wancan ja ne kamar uwarsa. Wannan baƙi ne, da fari a ƙafa."

Na sake dubawa. Baƙi ne. Na zauna a ƙasa kusa da gadon, kunya da baƙin ciki suka rufe ni.

"To me ya sa take lasarsa?"

"Maraya ne aka kawo mata. Gishiri ake shafa masa a baya, in ta lasa sau ɗaya, sau biyu, sai ta saba da warinsa ta bar shi ya sha. Mun sha yi." Ya numfasa. "Akwai mai hankali ɗaya a cikinsu ashe."

Ina jin awaki suna kuka a gidan baya.

"Amma wancan ba a koma ba," ya ce. Ya juya kai wajen ƙofa, inda Dada take. "Adama, ban koma ba. Mota ɗaya ce daga nan zuwa Kano, daga can a kama hanya. Na tsaya jin kunyar mutane." Sannan a hankali, kamar mai ɗanɗana abin da bai taɓa ci ba, ya ce, "Tasi'u."

Dada ta ja mayafi ta rufe fuska.

Na ji hannunsa a kaina. Ba nauyi a hannun ko kaɗan. Ya shafa sau biyu, yadda yake yi mini ina yaro in na kawo masa sakamakon makaranta, ya bar shi a nan.

"Kai kuma ka daina zuwa Taura," ya ce. "Man babur ɗinka kake ƙonawa."

Na yi dariya, dariyar ta juye ta zama kuka, ban ɓoye ba.

Daga ranar ya daina cewa a fitar da shi ko a shigar da shi. Ya sha kindirmo rabin ƙwarya da yamma. Bayan kwana biyu, ran Laraba da hantsi, ina aji ina ba da jarrabawa, aka aiko in zo. Kafin in kafe babur na ji Dada tana salati, na san an gama. Ni da ƙanensa muka yi masa wanka, aka kai shi bayan azahar.

Ran sadakar uku, bayan mutane sun ragu, na shiga in naɗe wayata daga kan katanga. Faifan yana cikin na'urar tun ranar. Na ciro shi, na ɗauko kwalin, na buɗe zan sa shi a gurbin da ba kowa.

"A'a," in ji Dada daga bakin ƙofa.

Ta karɓi faifan, ta goge shi da gefen zaninta, ta naɗe shi a wani tsohon ɗankwali ta damƙa mini a hannu.

"Wannan naka ne, kai ka nemo. Ka ajiye da kyau." Ta karɓi kwalin. "Wurin nan kuma da mai shi."

Ta ɗora kwalin a kan talabijin, a buɗe, faifai biyu da gurbi ɗaya suna fuskantar ƙofa. Ta koma tsakar gida ta ci gaba da wanke ƙwaryar.