Sunan da Laraba Ba Ta Faɗa

Hantsi ya yi, amma rana ba ta leƙo ba. Ruwan asuba ya ɗauke ya bar yayyafi, tsakar gida duk ta caɓe. Laraba tana durƙushe a bakin murhu tana hura jiƙaƙƙen itace, hayaƙi yana cika mata ido. Kunnenta kuwa yana zaure, inda ɗanta na fari yake cusa tufafinsa cikin buhun taki.

Awaisu sunansa, amma tun da ta haife shi bakinta bai taɓa furta sunan ba. Haka ta taso ta gani. Ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a yi masa wasa a gaban mutane. Ana yaye shi kakarsa ta tafi da shi Tsiga. Sai bara, da tsohuwar ta rasu, ya dawo. Ya yi tsawo, muryarsa ta buɗe, ya zama baƙo a gidan ubansa. Ƙannensa, Murtala da Suwaiba, su haye jikinta suna ja mata zane, shi kuwa sai dai ta ajiye masa tuwo ta kau da kai.

Yanzu ga shi wai Funtua za shi, dako a kasuwar hatsi, kuma ya ce ba dawowa. Yaron da bai wuce shekara sha biyar ba.

Ta taka ta sami mijinta, Malam Sule, yana wasa fartanya a gindin bango.

"Malam, haka za ka zuba ido ya tafi?"

"Na yi faɗa, na yi lallashi, kallona kawai yake. Ke ki gwada mana. Ba ke kika haife shi ba?"

"Ni? Da wane bakin?"

"Da wanda kike yi mini mita."

Ta koma murhu. Can sai ga Awaisu da buhunsa a kafaɗa. Ya tsaya nesa kaɗan, kamar kullum.

"Inna, zan tafi."

Ta kafa wa tukunya ido. "Wai mutum ya kama hanya tsakiyar damina, ga masara ta kusa nuna."

"Wane mutum?"

Ta ƙara tura itace cikin murhu.

"Inna, wane mutum? Murtala ne zai tafi, ko Suwaiba? In da ni kike, ki faɗa. Ki faɗa in ajiye buhun nan."

Sunan ya taso mata har maƙogwaro. Kullum tana faɗinsa a zuci in ta kai goshi ƙasa. Ko lokacin da ya yi ƙyanda aka kwantar da shi a asibitin Malumfashi, ta bayan taga ta wuni tana leƙensa, don kar a ce ba ta da kunya. Duk bai sani ba. Ta buɗe baki, sai ta ga Malam Sule ya bar wasa fartanya yana saurare.

"Ga ɗumame nan," in ji ta. "A ci kafin a fita."

Awaisu ya yi ɗan murmushi, ya gyaɗa kai. Bai taɓa kwanon ba.

Har ya kai ƙofar zaure sai ya waiwayo, ya ga hayaƙi ya sake turnuƙe ta. Ya ajiye buhun. Ya kwashe itacen da ruwa ke duka ya jera a ƙarƙashin rumfa, ya zaro busasshen kara daga gindin rumbu ya ajiye mata kusa da murhu.

Laraba ba ta ɗago ba. Ya ɗauki buhunsa ya fita.