Gwangwanin Gida

Ta buɗe murfin gwangwanin, ta kai hanci, ta janye, ta sake kaiwa. Garin da ke ciki fari ne sol, mai laushi kamar hoda, yana ɗan ƙamshin alewa. Gwangwanin dai nata ne, na madarar da suka shanye tuntuni, ga ma lotsawar da ya yi ranar da ya faɗo daga kan kabad. Abin da ke cikinsa ne ba ta sani ba, kuma a gidan nan abin da ba ta sani ba iyakarsa bakin ƙofa.

Ba banza ba 'yan layin suke kiranta Kwastan. Ita ce mai juya burodi ta duba ƙasansa, mai jijjiga ƙwai a kunne, mai sa mahauci ya sake awo a kan idonta. Sana'arta wanki da guga, kuma ko kayan mutane ba ta tsoma su a ruwa sai ta lalube kowane aljihu. Mijinta, mai gyaran rediyo, yakan ce shi ma ranar da ya je neman aurenta sai da ta leƙa haƙoransa.

"Ke, mene ne wannan?" ta tambayi 'yarta.

Yarinyar na zaune a kan daɓe tana ɗaure igiyar takalmin gudu. Barewa kowa yake ce mata, tun ranar da ta tsere wa mazan ajinsu a filin makaranta. Yanzu ƙungiyar tsere ta ɗauke ta, ga gasar zaɓe na tafe, wadda duk wanda ya ci za a wuce da shi babbar makarantar wasanni.

"Garin ƙarfi ne, Mama. Koci ne ya ba mu. Cokali ɗaya a shayi da safe, ɗaya kafin atisaye."

"Ina kwalinsa? Ya sunansa?"

"Ai ba ya bayarwa da kwali. Kowa gwangwani yake kaiwa daga gida, sai ya zuba masa. Wai don kada sauran ƙungiyoyi su ga sunan su je su saya."

"To waken da nake dafa miki fa, da ƙwai da kifi? Sun daina ba da ƙarfi?"

"Mama, waɗanda zan kara da su ba wake kaɗai suke ci ba."

Daga zaure maigidan ya ɗago kai daga cikin wata rediyo da ya yi wa fata-fata. "Haba Kwastan, bitamin ma sai ya nuna takardun shigowa?"

Ba ta ko kalle shi ba. Ta danne murfin, ta ɗora gwangwanin can saman kabad, ta ce babu mai taɓa shi sai ta ga Kocin nan da idonta.

* * *

Ɗakin Koci na ƙarƙashin benen 'yan kallo, ɗan ƙuƙut, yana warin roba da zufa. Mutum ne mai usur a wuya da fara'a, irin fara'ar da take yi wa fuska yawa. Ya share mata kujera da hularsa, yana ta “Maman zakara, Maman zakara.” Ita kuwa idonta na kan wani shuɗin bokiti mai murfi da ke lungu. An kankare takardar jikinsa tas, sai ragowar gam. A kan benci ga gwangwanaye a jere, na madara, na shayi, na tumatir, kowanne da ɗan ƙyalle ko zare da mai shi ya ɗaura don ya gane nasa.

"Madara ce kawai da bitamin, Mama, sai ɗan abin gina jiki. Duk manyan 'yan wasa shi suke sha."

"Kai kana sha?"

Ya yi dariya. "Ni ai na wuce gudu."

"'Ya'yanka fa?"

"Nawa ba sa gudu." Ya juya usur ɗin a yatsa. Muryarsa ta yi laushi, amma fara'ar ta ɗan ja baya. "Ba dole ba ne fa. Sai dai yarinyar da ba ta bin tsarina, ban san yadda zan tsaya mata ranar zaɓe ba."

Ta fito da zargin da ya fi wanda ta shiga da shi. Amma zargi ba hujja ba ne, kuma da yammar nan ta tarar da Barewa a bayan ɗaki, ta kifa kai a gwiwa tana kuka marar sauti. Kukan nan ya fi komai ci mata rai. Yarinyar tun kafin gari ya waye take fita gudu, ƙafafunta duk sun yi kanta, ba ta taɓa roƙon ɗan kunne ko sabon zane ba. Abu ɗaya take so a duniya, ga shi uwarta ta ɗora shi a saman kabad.

Sai dabara ta faɗo mata, tsohuwar dabararta. Tun Barewa na jaririya ba ta taɓa sa mata abu a baki ba sai ta fara kai shi nata, ruwa ne, maganin tari ne, ko abincin maƙwabta. Idan akwai cuta a garin nan, to ta fara kama uwar.

* * *

Washegari, bayan kowa ya fita, ta zuba cokali ɗaya a shayinta, ta shanye, ta zauna a bakin gado tana jiran masifa. Ta san yadda mugun abu yake zuwa: murɗar ciki, amai, jiri, ƙaiƙayi. Ta saurari cikinta kamar mai sauraren ɓarawo a bayan ƙofa. Shiru. Da ta gaji da zama ta tashi ta kama wanki.

Ranar nan kafin rana ta take ta gama shanya. Gwiwar da ta shekara tana sa ta salati duk sanda za ta miƙe, ko motsi ba ta yi ba. Ta yi guga har da ta gobe, ta wanke tukwane, ta share har ƙofar maƙwabta. Zuciyarta tana bugawa da sauri, ta ce aiki ne. Barci ya ragu, ta ce zafi ne. Abinci ya fita ranta, ta ce dama ƙiba ta fara damunta. Matar da ke gano ruɓaɓɓen ƙwai da kunne, ga ta tana ba kanta amsa tun kafin ta yi tambaya.

Da aka kwana biyu ana haka, ta sauko da gwangwanin ta dire gaban Barewa.

"Na ɗanɗana. Ba komai."

Yarinyar ta rungume ta har suka kusa faɗuwa. Maganar nan kuma ba a ɗaki ta tsaya ba. A bakin famfo maƙwabciyarta, Maman 'Yan Biyu, wadda 'yan matanta su ma suka shiga ƙungiyar, ta tambaye ta labarin garin Koci. Kwastan ta sauke bokiti ta ce, "Da kaina na sha. Lafiya ƙalau ne." Ta faɗe shi da ƙarfi, da ɗan alfahari ma.

Abin da ba ta faɗa wa kowa ba shi ne rabin cokalin da ta ci gaba da zubawa a nata shayin kullum. Ta ce wa kanta ai bincike ba ya ƙarewa.

Barewa ta fara wuce sa'o'inta a fili, Koci yana kiranta zinariyarsa. A gida kuwa kwanonta yana dawowa da rabin abinci. Ƙasan idonta ya yi duhu. Ƙaramar magana sai ta hau faɗa, har da babanta da ba ta taɓa ɗaga wa murya ba. Wani lokaci uwar takan same ta kwance, ta dafe ƙirji, ta zuba wa rufi ido.

Nan zargin Kwastan ya tashi da ƙarfinsa, ya bi ko'ina. Ta zazzage jakar yarinyar. Ta bincike wayarta tana neman saurayi. Ta hana wata ƙawarta shigowa don ba ta yarda da kallon da take yi ba. Ta canja mai sayar musu da kifi. Ta zargi ruwa, ta zargi rana, ta zargi bakin mutane. Gwangwani kaɗai ta bari, don shi ai ta riga ta wanke shi da bakinta.

* * *

Kafin gasar zaɓe dole kowane ɗan wasa ya ga likitar wasanni. Uwar ta raka ta, don ba ta yarda a duba mata 'ya a bayan idonta. Ɗakin fes yake, da gado mai farar leda da na'ura a gefe. Likitar, mace mai tabarau da ƙarancin magana, ta ɗora abin saurare a ƙirjin Barewa. Ta daɗe. Ta matsar da shi, ta sake daɗewa. Sannan ta liƙa mata wayoyi, na'urar ta fara fitar da doguwar takarda mai zane hawa da sauka.

"Ban da abinci, me kike sha?"

"Ba komai," in ji Barewa, idonta a ƙasa. Haka Koci ya ce su riƙa cewa.

Likitar ba ta musa ba. Ta juyo wajen uwar, ba fuskarta take kallo ba, hannunta take kallo, wanda ke riƙe da ƙaramar jaka yana rawa kaɗan-kaɗan.

"Mama, ba ni hannunki."

Ta kama wuyan hannun, tana duban agogo. Da ta saki, sai ta cire tabaraunta.

"Zuciyarki ma gudu take yi, kina zaune. Me kuke sha a gidanku?"

Kwastan ta faɗi komai, bokitin, gwangwanin, har rabin cokalin da ko mijinta bai sani ba. Barewa ta ɗago ta dube ta, baki buɗe.

"Ba zan iya ce miki ga abin da ke ciki ba sai an gwada," in ji likitar. "Ku kawo mini ragowar. Amma na sha ganin irinsa. Akan cakuɗa madara da ƙwayoyin da ke zaburar da jiki su kashe ciwo, a ce abin gina jiki ne."

"Amma na ɗanɗana, Likita. Ko cikina bai murɗa ba. Har gwiwata ta daina ciwo."

"Ba dainawa ta yi ba, Mama, ke ce kika daina ji. Irin wannan ba ya farawa da ciwo, da daɗi yake farawa."

Likitar ta koma kan takardar. Bugun zuciyar Barewa ya rikice, in ji ta, kuma idan ta shiga tsere a haka tana iya faɗuwa ba ta tashi ba. Babu gasa bana. Babu gudu, ko na aike. Gaba kuma sai abin da jinya ta nuna.

Barewa ba ta yi kuka ba. Ta sauko daga gadon, ta sa takalmanta a hankali. Sai a bakin ƙofa ta ce, murya ƙasa-ƙasa, "Mama, ke kika ce ba komai."

* * *

Kafin Kwastan ta kai wa likita gwangwanin, sai da ta biya da shi ta wajen Koci. Lungun da shuɗin bokiti yake yanzu raga ce a naɗe. Ya karɓi gwangwanin, ya juya shi, ya shafa lotsawar da babban yatsa, ya miƙo mata abinta.

"Wannan ai gwangwanin gidanku ne, Mama. Ina sunana a jiki? Ni na san abin da kuke zubawa a gida?"

Sai yanzu ta gane abin da ya sa kowa yake kawo nasa. Ta buɗe baki, amma mutumin har ya sa usur a nasa, ya fice fili.

* * *

Gwiwar ta dawo da fushinta har da ƙari. Kanta na sarawa, kuma kullum da safe, in ta ɗaga kofin shayi, sai idonta ya kai saman kabad inda babu komai. Kunyar wannan kaɗai ta ishe ta. Maigidan ya daina tsokanarta, rediyonsa ma a hankali yake kunnawa.

Tana durƙushe a kan baho, kumfa har gwiwar hannu, Maman 'Yan Biyu ta yi sallama.

"Ko kina da gwangwani wanda ba komai a ciki? Yaran nan ɗaya suke haɗawa, Koci ya ce kowacce ta zo da nata."

Kwastan ta miƙe da ƙyar. "Don Allah kada ki ba su. Garin nan ne ya kwantar da 'yata. Guba ce, wallahi guba ce."

Maƙwabciyar ta ɗan ja da baya, ta dube ta sama da ƙasa. Kwastan ta san kallon nan sarai, shi ta shekara da shekaru tana yi wa mahauta da masu ƙwai.

"Ikon Allah. Ba ke kika ce da kanki kika sha ba? Duk layin nan saboda bakinki muka saki jiki. Muka ce tunda Kwastan ta buga hatimi, magana ta ƙare."

"Kuskure na yi. Je ki tambayi likita."

"Koci ya ce taki dama da ciwonta aka haife ta." Ta gyara mayafi. "Lokacin da take gaba garin lafiya ƙalau yake. Yanzu da nawa suka fara tasowa ya zama guba? Allah ya ba ta lafiya. Zan nema a wani gidan."

Kwastan ta biyo ta har bakin ƙofa tana kira, matar ba ta waiwayo ba. Tana nan tsaye, kumfa na bushewa a hannunta, sai ga 'yan biyun sun fito da gudu sun nufi fili, ƙafafunsu na sauka tare, wani abu yana ƙwal-ƙwal a jakar ta bayan.

Ta juya cikin gida. Barewa na zaune a bakin gado, takalman gudunta a ƙarƙashi an tura su can ciki. Ta karkata kai wajen taga, tana sauraren takun har ya ɓace.