Abin da Malam Sodangi Ya Ƙwanƙwasa

Littafi na huɗu ya ƙi cin wuta. Bangonsa mai kauri ne, ga danshin damina ya shige shi, sai hayaƙi yake yi yana lanƙwashewa. Tani ta sa itace ta tura shi can cikin murhu, ta yayyafa masa kananzir, ta ja baya tana fifita da faifai. Rana tsaka ce, lokacin da ba ta taɓa hura wutar waina ba, shi ya sa take ta waiwayen ƙofar gida kamar wadda ta saci kaza. Saura littafi tara a cikin kwando.

Ba nata ba ne. Na maƙwabcinta ne, Malam Sodangi, wanda ke kwance a bayan bangon nan kwana shida ke nan, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, baki ya karkace, magana ta ɗauke.

Shekara talatin Sodangi ya yi yana buga waya a tashar jirgin ƙasa ta Ƙauran Namoda, tun zamanin da saƙo ke tafiya da ƙwanƙwasa, gajere da dogo. Matarsa ta rasu ba su haihu ba, a shekarar nan da rediyo ta ce mutum ya taka wata. Mutanen Ƙaura suka rabu biyu a kan labarin, masu cewa ƙarya ce da masu cewa ko gaskiya ce babu ruwansu. Shi kuwa Sodangi sai ya shiga kasuwa ya sayo littafin rubutu, ya zauna ya ƙirƙiro wasu mutane a wata tauraruwa, ya sa musu suna Sambirawa. Ba su da baki, da yatsu suke magana suna ƙwanƙwasa ƙashin ƙirjinsu. Rubutunsu daga tsakiyar takarda yake farawa, ɗigo da zane, yana kewayawa waje kamar saƙar faifai. A shekara goma sha tara ya cika littafi goma sha uku da tarihinsu da waƙoƙinsu da yadda suke rabon gado. Akwai wani kore a ciki, shi ne mabuɗin sauran, don a nan ya jera kowace ƙwanƙwasa da ma'anarta da Hausa.

Tani ba ta yi boko ba, allo ma iyakarta abin salla. In ya zo sayen waina ya fara ba ta labarin mutanensa, sai ta tare shi.

"Malam, mutanen ga naka suna cin waina?"

"Ba su da baki, Tani."

"To, ba ni da ciniki da su."

Ya sha cewa ta zauna ya koya mata, ta sha cewa sai ta sami sarari. Abu ɗaya ta yarda ta riƙe, shi ma don ya dame ta ne: bugu biyu, a ɗan tsaya, a ƙara ɗaya. Gaisuwar Sambirawa ke nan, wai "ina nan, kana nan?" Tun da mijinta ya rasu, kowace safiya in ta ɗora tanda sai ta ji shi a bango, ita kuma ta ɗauki muciya ta mayar masa. Shekara goma sha ɗaya suna haka, kuma da za a tambaye ta cewa za ta yi shirme ne irin na tsofaffi.

Da ciwon ya kwantar da shi, hannun hagu kaɗai ya rage masa. Da shi yake ƙwanƙwasa ƙarfen gado yini guda, masu zuwa dubiya suna ji suna kallon juna. A safiyar ranar nan Tani ta je famfo, Fatimatu matar mai faci ta ja ta gefe.

"Ke ba ki jiya ba? An ce mutanen ɓoye shika kira. An buɗe akwatin nan nashi, hatimi cike, rubutun da ba na Larabci ba, ba na boko ba. Ɗan ƙanenai Nasidi na tahe daga Zurmi, da la'asar za su shiga shi da Liman. In anka iske abin da aka hwaɗi, wa za shi tsaya shi yi mai salla?"

Bokitin Tani ya cika ya yi ta zuba ba ta sani ba. Tana yarinya a Birnin Tsaba ta taɓa ganin an fita da gawar wani da aka ce ya yi tsafi, mutum uku kacal a bayansa, kowa ya rufe ƙofa. Ba ta taɓa mantawa da yadda ƙafar mamacin ke lilo daga makara ba. Ta ce a ranta ba za a yi wa Sodangi haka ba tana raye. Da hantsi ta shiga yi masa shara kamar kullum, ta tarar yana barci, ta kwashe littattafan a kwando ta rufa musu zane.

Koren ta bari ƙarshe. Ta riƙe shi ya fi sauran daɗewa a hannunta, don gefensa ya yi baƙi da dattin yatsa, har da ɗigon man wainarta a shafin farko. Ta ji kiran sallar azahar, ta tuna la'asar ba nisa, ta jefa shi.

Da la'asar ta dama kunu ta kai. Ta tarar da ɗakin a cike, ta tsaya daga bakin ƙofa. Liman Tambari na zaune a kan buzu kusa da gado, Nasidi ya rakuɓe a gefe yana zare ido, ga kuma Funmilayo, 'yar marigayi Tunde direban jirgi, wadda aka haifa a barikin tasha, yanzu tana aikin tafireta a kwalejin kimiyya. Liman ya gama addu'a, ya shafa, ya dubi mai jinya yana murmushi.

"To, Sarkin Sambirawa, ga ɗiyarka na kawo ma kamar yadda munka yi. Ta ce ta samu takarda da lokaci, za ta buga su duka."

Nasidi ya gyara zama. "Allah shi gafarta Malam, ashe ka san da su? Ni an ce mani abin ga ba na Musulunci na ba."

"Tatsuniya ta, Nasidi. Shekara goma sha tara shina karanta mani ita a zaurena, ina dariya har hawaye. Ni ma na ba shi shawara su riƙa ƙirga shidda-shidda, tun da yatsa shidda gare su. Wanda duk yac ce shirka ta, shi zo shi same ni."

Kwanon kunu ya yi wa Tani nauyi, ta ajiye shi a ƙasa a hankali. Funmilayo ta jawo akwatin daga ƙarƙashin gado ta buɗe. Babu komai sai tsohuwar rigar aiki da katin fansho.

"Baba, ina suke?"

"Ni na ɗauke su," in ji Tani, da wata murya da ita kanta ba ta gane ba. "Ɗakin na zuba. Na kai su ajiya."

"Kin kyauta, Inna," in ji Funmilayo.

Sodangi ya juyo da ido wajenta. Ya daɗe yana kallonta, daga fuska har zuwa hannunta, inda toka ta maƙale a tsakanin awarwaro. Zanenta kuwa warin kananzir yake, kuma bango ɗaya ne tsakanin murhunta da tagarsa. Sai ya ɗaga hannun hagu ya bugi ƙarfen gado, biyu, sannan ɗaya. Tani ta miƙa yatsa ta mayar masa a jikin ƙyauren. Liman ya yi dariya ya ce, "Ashe akwai Basambiriya a unguwar ga."

Daga nan ya shiga wata ƙwanƙwasa mai tsawo, gajere da dogo, yana tsayawa yana huci yana ci gaba, idonsa bai bar kan Tani ba. Funmilayo ta zaro biro da takarda daga jaka tana bin sa da ɗigo da zane. Ya gama, ya sake daga farko, ya kuma sakewa, har ta ce ta kama duka.

"Da ke shike, Inna. Ɗauko koren littafin mu ji mi ya ce."

"Shina ƙarƙashin kaya. Sai gobe."

"To, gobe in na taso aiki."

Sodangi ya lumshe ido, hannun ya sauka a kan tabarma. Tani ta ɗauki ƙafa ta fita, ta bar kunun a inda yake.

Washegari ta ɗora tanda, ta zuba ƙullu, ta kasa kunne. Shiru. Ta ɗauki muciya ta buga da kanta, ta jira har wainar farko ta ƙone. Ba a jima ba ta ji Nasidi yana salati a tsakar gidan Sodangi, ta san abin da ya faru.

Da hantsi aka yi jana'iza. Daga bayan katanga take jin takun mutane ba ya ƙarewa. 'Yan kasuwar hatsi sun bar buhunansu, direbobin Shinkafi sun ajiye motoci, tsofaffin abokan aikinsa irin su Pam da Patrick sun tsaya ƙarƙashin dalbejiya sun cire hula har aka idar. Fatimatu ce ta fara shigowa da labari, tana share ido da gefen gyale, wai sahu bakwai aka yi, na ƙarshe har bakin layin dogo, mutumin kirki dai ba ya ɓuya. Abin da Tani ta nema ke nan, kuma ta samu. Sai dai ta san ko ba ta taɓa ashana ba haka za a yi, wannan sanin shi ya hana ta kuka a ranar.

Bayan sadakar uku Funmilayo ta zo da yamma, da jaka babba ta kwasar littattafai. Tani ta shimfiɗa mata tabarma, ta kawo ruwa, ta tambayi aiki, ta tambayi yara, ta sake tambayar aiki. Da ta ga babu sauran abin tambaya sai ta tashi ta ɗauko wani tsohon gwangwanin madara ta ajiye a gabanta. Ƙananan wayoyin da ke ɗinke tsakiyar littafi ne a ciki, sun yi baƙi, ta tsince su ɗaya-ɗaya da ta zo kwashe toka.

"Ga abin da ya rage. Na ji tsoro a ƙi yi mai salla."

Funmilayo ta dubi gwangwanin. Ba ta yi faɗa ba, Tani kuwa da faɗan aka yi da ta fi jin sauƙi.

"Duka, Inna? Har koren?"

"Har shi."

Akuyar maƙwabta ta leƙo, babu wanda ya kore ta. Can Funmilayo ta buɗe jakar ta zaro takardar nan, layi huɗu na ɗigo da zane, ta miƙa mata.

"Taki ta. Riƙe."

"Ɗiyata, ko kalma guda ba ki ganewa? Ko ta hwarko?"

"Ni bugawa kawai zan yi, ban koya ba. Liman ma saurare shikai. Kullum Baba cewa shike ke ce ɗalibarshi, wai kin riƙe darasin hwarko, sauran sai kin samu sarari."

A nan ne kukan ya zo, ta yi shi sosai, Funmilayo na riƙe da kafaɗarta har aka kira magariba.

Tani ta kai wa Pam takardar, ya sa tabarau ya duba ya ce wannan ba irin ta tasha ba ce, ta Sodangi ce shi kaɗai. Ba ta sake nuna wa kowa ba. Wata rana takan ce a ranta yafe mata ya yi, wata rana ta ce tambayarta yake me ya sa, wata rana kuma ta ce wataƙila bai san komai ba, kunun yake cewa a miƙo masa kafin ya huce. Kowanne ta ɗauka sai ta ga ya dace da yadda ya kalle ta. Ta naɗe takardar a leda ta sa a ƙasan kwalla, inda take ajiye likkafaninta.

Da kaka ta yi, Nasidi ya ba wani ɗan kasuwa hayar ɗakin, aka cika shi da buhunan gero har rufi. Da safe Tani ta ɗora tanda, ta ɗauki muciya ta bugi bangon, biyu, sannan ɗaya. Buhunan sun danne shi ta ciki, ƙarar ba ta fita kamar da. Ta jingine muciyar, ta juya wainar.