Ɗankwalin da Auta Ta Sani

"Ba haka ba, ƙanwata," in ji maƙwabciyata daga kan katifa. "Fara taɓa mata leɓe da bayan cokalin, ki jira. Ita za ta buɗe baki da kanta."

Wata sabuwar ma'aikaciyar gidan marayu tana durƙushe a gabanta da cokali a hannu tana koyon ciyarwa, ba kwano, ba yarinya. Ni kuma ina bakin ƙofa riƙe da ɗinkin da na kasa gamawa, raina a ɓace.

Maƙwabciyar tawa mai reno ce a gidan marayu, bango ɗaya ya raba ɗakunanmu. Tun bara nake jin tarinta ta bangon nan. Wurin aikinta ya ba ta hutun rashin lafiya da asibiti kyauta, amma ta ƙi taɓa ko ɗaya, don dokarsu ce duk wadda ta yi dogon hutu a raba yaran ɗakinta ga wasu. A cikinsu akwai Auta, makauniyar yarinya da aka tsinta tun tana jaririya, wadda ba ta karɓar abinci sai daga hannunta. Na yi faɗa har bakina ya gaji. Na ce mata in ta mutu sai mu ga wanda zai yi renon. Ta yi dariya, ta ce in ji da keken ɗinkina da ke hana mutane sakat. Ranar da ta yanke jiki ta faɗi a bakin famfo muka kai ta asibiti, likita ya duba, ya ce mu dawo da ita gida.

Daga ranar Auta ta kulle baki. Madara ma sai ta tofar, tana ta ramewa. Sabuwar ma'aikaciyar da aka ba ɗakin ba ta daɗe da gama horo ba, yarinya ce mai haƙuri, idonta kullum jajir. Ita ta tuna an koya musu cewa yaron da ba ya gani da ƙanshin jiki yake gane uwarsa. Ta roƙi ɗankwalin da mai jinyar ta kwana da shi, ta yafa a kafaɗa lokacin ciyarwa. Auta ta shinshina, ta karɓi cokali.

Sai dai ƙanshin ba ya daɗewa. Shi ya sa suka koma musaya: kowace safiya ta dawo da na jiya a leda, ta tafi da wanda aka kwana da shi. Ta ce in an samu ɗan lokaci yarinyar za ta saba da ita, a daina ɗankwalin gaba ɗaya.

Lokacin ne ba a samu ba. Wata rana da hantsi ina shafa wa maƙwabciyata ruwa a goshi, ta buɗe ido.

"Auta ta ci?"

"Ta ci, har ta nemi ƙari."

"To, madalla."

Ba ta sake magana ba. Kafin azahar ta cika, Allah ya jiƙanta. Na zare ɗankwalin daga kanta da hannuna, na cusa ƙarƙashin matashi, na fita in ji da masu gaisuwa.

Yayarta ta iso da yamma daga nesa. Mace ce mai tsafta, wadda ba ta iya kuka ba sai da aiki a hannu. Gari na wayewa ta kwashe ɗakin kaf, zannuwa, riguna, har rigar matashi, ta jiƙa. Ina can ina dafa wa baƙi shayi, ban sani ba.

Ma'aikaciyar ta zo da ledarta kamar kullum, ta yi gaisuwa, ta ja ni gefe ta ce Auta ba ta ci kome ba tun jiya. Na kama hannunta za mu shiga ɗaki, sai muka ga igiya cike da shanya.

"Sau biyu na wanke," in ji yayar. "Kada a ce 'yar'uwata ta bar datti."

Wallahi na so in yi ihu, amma me ta sani? Ma'aikaciyar ta matsa, ta kama bakin ɗankwalin ta kai hanci. Sabulu kawai.

Ta sake shi. Ta dubi ledar hannunta mai ɗauke da na jiya, ta matse iskar ciki, ta ƙulle bakin tamau, ta rungume a ƙirji ta fita. Ɗankwalin kan igiya yana ta ɗiga a kan siminti.