Sunan da Ba a Rubutawa a Babi na Biyu

Mutum uku ne a wannan labari: wata malamar firamare da ta koma jami'a ƙaro ilimi, da malamin da ke duba aikinta, wanda ɗalibai ke kira Jan Biro, da maƙwabcin ofishinsa, Dogo. Malaman nan biyu sun daɗe ba sa ga maciji, kuma ɗaliban sashen sun san ba a ambaton ɗaya a aikin da ɗayan zai sa wa hannu. Malama ba ta sani ba, domin ba ta zaman hira da kowa.

Batun da ta zaɓa shi ne yaran bencin baya, masu kaiwa aji uku ba su iya haɗa baƙi ba. Ta duba ɗakin karatu kaf, ta tarar Dogo kaɗai ya taɓa zama a irin wannan aji ya rubuta abin da ya gani. Sai ta cika babi na biyu, na bitar ayyukan magabata, da sunansa.

Jan Biro ya buɗe babin, ya ture shi gefen tebur.

"Wa ya turo ki?"

"Ranka ya daɗe, ba kowa."

"To wannan shara fa? Dogo ya ce, Dogo ya gano. Me ya gano? Mutumin da ko ajinsa sai an nuna masa!"

"Malam, in na cire shi, babin zai nuna ba wanda ya taɓa binciken. Ƙarya ke nan."

"Au, ke za ki koya mini gaskiya? Ki cire shi ko ki sake batu. In kin ƙi, ki jira baɗi."

Ita kuwa hutun karatun da aka ba ta bana zai ƙare. Ta fito ta ƙwanƙwasa ƙofar Dogo, ko zai karɓe ta.

"Ɗalibar wancan ce? Tsaya daga nan." Ya karɓi babin ya duba a tsaye. "Kin kira Jan Biro fitaccen masani a nan. Kankare, ki rubuta cewa aikinsa ba shi da tushe, sannan mu yi magana."

"Malam, ban ga abin da zai sa in ce haka ba."

"To ja mini ƙofar."

Ta daɗe a barandar, tsakanin ƙofofin biyu. Da mako ya zagayo ta kawo wa Jan Biro sabon batu, a kan tsara jadawalin darussa, abin da bai taɓa damunta ba. Ya sa hannu bai karanta ba, ya ɗaga murya yadda za a ji ta bayan bango: "Yanzu kika zama ɗaliba!" Ta ɗauki takardarta ta fita, ba ta yi godiya ba.

Iyakar abin da na iya tsarawa ke nan. Wanda ya ga inda alƙalamina ya zame, ina roƙonsa ya gyara.