Gaisuwar Maigida da Na'urarsa

Bayan rasuwar maigidana, na'urar da ke ɗakin aikinsa ta fara rigima. Saba suke ce mata, a cikinta shafukan intanet na masu shaguna suke zaune. Mai kantin magani ya kira ni ya yi ta'aziyya, sannan ya ce in shafinsa ya sake ɗaukewa zai kwashe kayansa. Na san in ya tafi, sauran za su bi shi.

Na kira ƙanen maigida, Dogo, don shi ma aikinsa ke nan. Ya zauna a kujerar yayansa, gwiwoyinsa suna bugun tebur.

"Matar yaya, cewa take fayilolin da ke buɗe sun yi mata yawa. Akwai iyakar da aka sa mata, ta kai."

"To ka ƙara mata mana."

"Na ƙara. Amma kwandon sharar da ba a zubarwa, ko kin sayo babba sai ya cika. Me yaya yake yi mata wanda ban sani ba?"

"Ba komai. Da safe dai yakan kashe ta ya kunna kafin shayinsa ya huce. Wai gaisawa suke."

Dogo ya yi dariya har da share ido.

"Gaisawa! Manhajar da ya rubuta ce take buɗe fayil ba ta rufewa. Maimakon ya gyara, sai ya riƙa kashe na'urar kullum don ta manta."

"Kai, ka kiyayi mijina. Shi ya koya maka aikin."

"Ya koya min, amma ban da rufe abu. Ko kwalbar mai kin taɓa ganin ya rufe?"

Ban taɓa gani ba. Zaman aurenmu duk ina bayansa da murfi a hannu.

Dogo ya ce zaɓi nawa ne: ko in gaji gaisuwar safen, ko ya gyara rubutun yayansa. Raina ya so a bar shi yadda yake, tunda hannunsa ne a ciki. Amma ni da barci ke kwashewa, ran da na makara mai magani ya tafi.

Na ce, "Gyara. Amma bari in fita tukuna."

Na tsaya a bayan ƙofa ina jin yatsunsa a kan maɓallai. Can ya ɗaga murya.

"Matar yaya, layi ɗaya ne kacal ya manta!"

"Na ji. Kada ka faɗa wa kowa."

Shafin mai magani bai sake ɗaukewa ba.