Sunayen da Ƙaltume Ta Tafi da Su

Tun ina budurwa nake bin Ƙaltume da 'yan kiɗanta. Duk gidan da ake biki a Madina, daga unguwar Ƙurban har ta Ƙiblatain, in dai ita za ta yi wasa, da gayya ko ba gayya sai an gan ni. Mijina har tsiya yake mini, wai da ya sani da gangar kiɗa ya aura ya huta.

Ba muryarta kaɗai ke kai ni ba. In za a fito da amarya, Ƙaltume kan tsayar da kiɗa ta shiga kiran iyayen yarinyar mata, uwa da kaka da na gabansu, kowace da garinta, har ta dire kan wadda ta taso daga ƙasar Hausa a ƙafa, ta yi hajji ba ta koma ba. Ni ma ta yi mini a bikina, na sha kuka har kwallina ya wanke.

Da ta rasu na ce ƙungiya ta watse ke nan. Ina! 'Yarta Khalida ta karɓa, ta sayo fiyano mai lantarki, ta cika wasan da waƙoƙin kaset. Na je na gani, na dawo da ciwon kai da baƙin ciki. Amma da auren 'yata Sundus ya taso, wa nake da shi? Na ja mayafi bayan la'asar na nufi gidanta.

"Ahlan, Khala Sabuwa," in ji Khalida, wato maraba da Inna Sabuwa, ta zuba mini shayi.

"Waƙar iyaye nake so ki yi wa Sundus, yadda uwarki ke yi. Ban da wannan akwatin hayaniyar."

"Tayyib, Khala, karin waƙar yana kaina. Sunayen ne babu. Ummi ba ta koya wa kowa ba, wallahi. Ki faɗa mini naku, khalas, shi ke nan."

Na gyara zama ina hararar ta. "Ni Sabuwa 'yar Zenabu. Zenabu 'yar Shafa'atu. Shafa'atu kuma 'yar..."

Iyakar sunayen da na sani ke nan. Na ji Ƙaltume ta rera su a bikina da na ƙannena, ina zaune ina share hawaye, amma ban taɓa tunanin riƙewa ba tunda ga mai riƙewa nan. Na bi gidajen tsofaffi ina tambaya. Wata ta ce Damagaram muka fito, wata ta rantse Kano ne. Waɗanda suka sani duk suna kwance a maƙabartar Baƙi'a.

Ranar biki Khalida ta kashe fiyanon kamar yadda na roƙa, ta ɗauki gangar uwarta. Ba laifi, ta iya. Ta kira ni, ta kira Zenabu, ta kira Shafa'atu, sai ta ɗan dakata tana kallona. Na sunkuyar da kai, aka rangaɗa guɗa aka wuce.

Na zaci Sundus ba ta lura ba, ita da ko ka yi mata Hausa, da Larabci take amsawa. Da na je yi mata sallama sai ta riƙe hannuna, ta haɗa Hausarta da ƙyar.

"Mama, ba ta kai ƙarshe ba. Wace ce ta zo a ƙafa?"

Na ce, "Ban sani ba, 'yata."